Ajiyar da ke Cikin Malam Iro

Ina tsugune a gona ina cirar gyaɗa, da hantsi, wayata ta yi ƙara a aljihun rigar da na rataya a reshen gawo. Wani abokin aikin Likita ne. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, har da tambayar amfanin gona, shi da bai taɓa tambayata ko ruwa ya sauka a garinmu ba. Tun daga nan na sani. Na daɗe ina jin yadda likitoci ke gaida dangin mara lafiya idan aiki ya ɓaci. Ya ce motar da suka shiga zuwa Kudu wajen jarrabawa ta yi karo da tirela, kuma Likita bai kai asibiti ba.

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na mayar da wayar aljihu. Da na ɗaga kai sai ga Malam Iro can a gonarsa, ya duƙa yana tara harawa, hularsa cushe da tsumma. A ƙarƙashin hular nan, gefen dama, babu ƙashi. Fata ce kawai tsakanin ƙwaƙwalwarsa da duniya. Ƙashin yana ƙarƙashin fatar cikinsa, inda Likita ya ajiye shi tun bazara, da niyyar mayar da shi idan ya dawo daga jarrabawar.

Likita ɗana ne, na fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ban kira ba yana raye, ba kuma zan fara a takarda ba.

Ba don ta'aziyya nake wannan rubutu ba. An yi, Allah ya ba kowa lada. Saboda ku nake yi, samarin da ke zama a bakin kemis ɗin Nazifi. A zaman makoki kuna can ƙarshen tabarma kuna magana ƙasa-ƙasa, kuna ganin tsoho ba ya ji. Kunnena na hagu ne ya mutu, ku kuwa ta dama kuka zauna.

"Ni fa abin da ya ɗaure mini kai," in ji Nazifi, "mutum ya riga ya zama likita, yana fasa kai yana ɗinkewa, wace jarrabawa ce kuma ta rage masa? Da ya zauna abinsa."

Shamsu ɗan acaɓa ya ce, "Aikin ma yanzu ba wani abu ba ne. Na gani a waya. Inji ne ke yankawa, kafin ka shanye shayi an rufe."

Madalla da ilimi. Ni na yi sama da shekara talatin a ɗakin tiyatar ƙwaƙwalwa ban fahimci abin da Shamsu ya fahimta a zama ɗaya ba, ga shi yana kan babur ƙafa ɗaya a ƙasa. To bari in ba ku nawa ɗan guntun, ku haɗa da na waya.

Ni ɗan wanzamai ne. Ubana da kakana sun yi aski, sun yi ƙaho, sun cire belu, sun yi wa rabin mazan ƙasar Makoda kaciya. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Da na je babban asibiti a birni neman aiki, na shiga da ƙirji a buɗe irin naku, ina cewa ai jini ba baƙona ba ne. Aka miƙo mini bokiti da tsumma.

Wanda ya koya mini aiki Baba Mala ne, shugaban masu hidimar ɗakin tiyata. Asalinsu mutanen Barno ne, amma tun kakansa suke Kano. Gajere ne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Na daɗe a hannunsa ban taɓa komai ba sai ƙasa da bango. Dokarsa ta farko ita ce duk abin da aka lulluɓe da koren ƙyalle ba nawa ba ne, ko inuwata kada ta faɗa kansa. Ta biyu kuma, "In hancinka ya yi ƙaiƙayi, Wanzam, ka ba shi haƙuri. Ba naka ba ne sai an tashi."

Ranar da aka fara ba ni kai in aske, wata tsohuwa ce daga wajen Kunci, mai ƙari a bayan goshi. Na zaro askar ubana daga kube ina jin yau za a ga gado. Baba Mala ya karɓe ta da yatsa biyu kamar ya ɗauki mushen ɓera, ya zura mini ita a aljihu.

"Wannan ka ajiye ta don ranar suna. Nan kowane kai da sabuwar rezarsa."

Ya nuna mini iyakar inda likita ya zana, ya ce ko ƙwarzane ɗaya na yi, na buɗe wa cuta ƙofa kafin likita ya buɗe tasa. Tsohuwar kuwa ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ba fasa kan take tsoro ba, gashinta take tsoro kada a zuba a shara wani ya tsinta. Na tsefe kitson, na aske, na tattara gashin tas a takarda na ba 'yarta ta je ta binne. Daga ranar har na ajiye aiki ban zubar da gashin kowa ba. Wannan kaɗai ne abin da na kawo daga gida aka karɓa.

Yanzu ga injin Shamsu. Akwai shi, na gan shi, ya yi aiki a ɗakinmu har zuwa ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsa aka ce sai an aiko daga waje. Ana nan ana aikowa. Abin da muka fi amfani da shi abin huda ne na hannu, irin na kafinta da ake dafawa a murza. Mai tiyata zai huda ramuka a ƙoƙon kai, yana murzawa yana saurare da tafin hannunsa, don akwai lokacin da ƙarfen ke gama cin ƙashi, in ka ƙara murza ɗaya ka shiga inda mutum yake ajiye sunan 'ya'yansa. Sai a zura wata siririyar waya mai kaifi daga rami zuwa rami, a ja ta hagu da dama har ƙashin ya yanke. Ƙashi kuma yana zubar da jini, ba a ɗaure shi da zare, sai a shafa masa wani kaki da aka yi da kakin zuma. Akwai 'yan yankan auduga masu jelar zare, don kada ɗaya ya ɓuya a ciki. Akwai hantsaki mai ƙona bakin jijiya da lantarki. Akwai injin zuƙe jini, wanda in ya toshe ana tsakiyar aiki, ni ake kallo.

Duk waɗannan ni nake wankewa. Buroshi, haƙori bayan haƙori, sannan tukunyar tururi. Ɗigon busasshen jini da ya maƙale a bakin hantsaki, wanda ba za ka gan shi ba sai ka ɗaga wa fitila, ya isa ya zama ruwan mugunya a kan mutumin gobe. Ba a nuna wannan a waya. Ba shi da daɗin kallo.

Masu zuwa mana kuwa, kun san su, don ku ne. 'Yan acaɓa da suka ɗauki hular kwano abin kunya. Jarirai masu ruwa a kai, da ake kawowa bayan kan ya kai girman tulu, don kaka ta ce alamar malanta ce. Mata masu ƙari da aka yi shekara ana yi wa hayaƙi ana tambayar aljanin sunansa. Kuma dukansu, duk wanda bakinsa ke motsi, in ka ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi. Na ga mutumin da aka sare shi da gatari, gatarin na nan, ya ce da sauƙi. Mu mutanen nan ba mu iya kai ƙarar ciwo ba, muna ganin rashin godiya ne. Shi ya sa likitan kai ba ya yarda da bakinmu. Ido yake tambaya, da hannu, da tafin ƙafa.

Nazifi ya tambayi wace jarrabawa ce ta rage. Shi da ya yi 'yan watanni yana koyon allura a Rijiyar Zaki ya dawo aka fara ce masa dakta, dole abin ya ba shi mamaki. Wanda ya gama karatun likita, a ɗakinmu sabon shiga ne. Likita ya zo mana da digirinsa, aka ba shi bututun zuƙe jini ya riƙe. Ya yi shekaru yana riƙewa, kafin a bar shi ya ɗinke fata, kafin a bar shi ya huda rami ɗaya. Akwai jarrabawa a ƙofar shiga, akwai a tsakiya, akwai ta ƙarshe wadda in ka ci za a ce ka ƙware, a bar ka da kan mutum ba tare da wani babba yana leƙa kafaɗarka ba. Ita ce ya tafi yi.

A ɗakin yana ce mini Baba Haladu kamar kowa, ina ce masa Likita kamar kowa. Farfesa, babban likitan ɗakinmu, yakan wanke shi tas a gabana.

"Wannan jijiyar da kake shirin ƙonawa, ina take kai jini?"

Sai Likita ya tsayar da hannu.

"Ba ka sani ba? To ajiye hantsakin. Mai kan nan da ƙafarsa ya zo, da ita yake so ya koma."

Ni kuwa ina bakin bango da bokitina, ina duban agogo kamar ba da ɗan kowa ake ba.

Idan ya samu hutu muka zo gida, ni ne mara lafiyarsa. A zaure yake zaunar da ni. Ya ce jijiyoyi goma sha biyu ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, kuma a jarrabawa za a ba shi mutum a ce ya gwada su duka, manya na tsaye suna kallon yadda yake ɗaga hannu ma. Sai in rufe ido ya kawo abu hancina.

"Mene ne wannan?"

"Daddawar uwarka ce, kuma ta sha gishiri."

"Bi yatsana da ido, kada ka juya kai. Yaƙe haƙora. Kumbura kumatu. Fito da harshe. Ɗaga kafaɗa."

Ya ƙwanƙwasa mini gwiwa da 'yar gudumar roba, ya karce mini tafin ƙafa da makullin babur yana kallon inda babban yatsa zai nufa. Uwarsa ta taɓa leƙowa ta tarar da ni harshe a waje ido a rufe, ta ce, "To Malam, haka ake gama aikin gwamnati?"

Bayan nan sai mu juya, in zama mai jarrabawa. Ya ce aikina ɗaya ne, duk abin da ya faɗa in ce me ya sa, don haka manyan suke yi har sai sun kai mutum inda iliminsa ya ƙare. A wannan me ya sa ɗin na tsinci ɗan abin da na sani. Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne, ba ya miƙewa. Abu uku ne a ciki, ƙwaƙwalwa da jini da wani ruwa garai-garai, kuma sun cika shi taf. In ɗaya ya ƙaru, dole sauran su matsa, in wuri ya ƙare sai ƙwaƙwalwa ta fara tura kanta ƙasa, wajen da numfashi yake. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya hagun jiki. Ƙashin da ke saman kunne shi ya fi siranta, kuma a bayansa wata jijiyar jini take kwance. In ta tsinke, mutum zai iya tashi ya karkaɗe riga ya ci tuwo, jini na taruwa a hankali, sannan barci ya ɗauke shi. Ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido zai buɗe a gefen da jinin yake, ko ka haska masa tocila ba zai tsuke ba.

Kada ku ce na sani. Wannan shafin farko ne. Littattafansa kowanne ya kai bulo, kuma akwai wuraren da nake cewa me ya sa ya yi ta bayani har la'asar ban kama ko kalma ba. Na dai iya gane lokacin da muryarsa ta fara rawa, sai in ƙara cewa me ya sa.

Muguwar shekararmu ita ce shekarar da manyan ɗakin suka yi ta tafiya ƙasashen waje ɗaya bayan ɗaya. Kowa da walimar bankwana, mu ci shinkafa mu yi addu'a, washegari a raba marasa lafiyarsa ga waɗanda suka rage. Na'urar hoton kai ta lalace. Aka koma tura mutum cikin gari a bayan a-daidaita-sahu, kai a fashe, ya je ya ɗauko hoto ya dawo. Akwai wata yarinya mai ƙari a bayan kai da na aske sau uku. Kowane karo sai an shirya, sai a shigo da wanda ya faɗo daga babur, a ce nasa ya fi gaggawa. Gaskiya ne kuma, ya fi. Gashinta ya tsiro na aske, ya tsiro na aske. Karo na huɗu ba a kira ni ba.

A shekarar ce Likita ya fara zama jarrabawar ƙarshe, yana aikin mutum uku, yana karatu a tsaye. Ya faɗi. Ya ce a jarrabawar baka ce, aka ɗaga masa hoton wata jijiya da ta kumbura a gindin ƙwaƙwalwa, ya faɗi sunanta daidai, ya faɗi ta inda zai shiga, aka ce to ta fashe a hannunka, sai me? Ya tsaya tunani. Tsohon da ke tambayar ya rufe takarda ya ce, "Ka dawo baɗi. Mara lafiyarka ya riga ya tafi." Labari ya iso gari kafin shi. A bakin kemis aka yi ta jimami mai daɗi, likita guda ya faɗi jarrabawa. Shi kuwa abin da ya ce mini kawai, "Sun yi daidai, Baba Haladu."

Aikin Malam Iro da bazarar bana aka yi shi, ana saura kaɗan in ajiye aiki. Na zo gida hutun ƙarshen mako. Malam Iro yana gwada sabon bijimin huɗa, bijimin ya fizge ya maka shi da kututturen darbejiya. Ya tashi, aka ce sannu, ya ce da sauƙi. Ya yi sallar azahar a jam'i. Da na je duba shi, matarsa ta tare ni a ƙofa tana murna.

"Ya yi amai, amma Alhamdu lillahi yanzu ya samu barci. A bar shi ya huta, Malam."

Na shiga na ɗaga fatar idonsa. Na dama ya buɗe. Na tsunkule hannun hagu, da ƙyar ya janye. Muka sa shi a bas, aka cire kujerar baya, dangi na ta cewa ana wahalar da bawan Allah yana barcinsa.

Da muka isa asibiti Farfesa ba ya gari, ta waya ya ce wa Likita ya shiga tiyata. Na aske gefen dama, na tara gashin. Likita ya yanka fata kamar ƙugiya daga gaban kunne zuwa goshi, ya huda, ya ja waya, ya ɗaga ƙashi kamar faɗin tafin hannuna. Jini ya daskare a kan tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, baƙi kamar hanta. Ya kwashe, ya nemo jijiyar ya ƙone bakinta. Da Allah ya tsayar da abin nan, da an mayar da ƙashi an rufe. Amma tantanin ya yi tauri kamar ganga, ya yi shuɗi. Ya tsaga shi, sai ga wani jinin a ƙasa, ƙwaƙwalwar kuma ta kumbura tana tasowa kamar ƙullin da ya kwana. In ka mayar da murfi a kan wannan, ka kashe mai ita. Dole a bar wurin a buɗe, a ja fata kawai a ɗinke, sai kumburi ya sauka.

Saura ƙashin. A wasu wurare firji na musamman ake sa shi. Mu namu firjin yana bin ra'ayin masu wuta. Sai Likita ya tsaga fatar cikin Malam Iro, ya yi masa aljihu a ƙarƙashin kitse, ya zura ƙashin ya ɗinke. Cikin mutum dai ba a ɗauke masa wuta.

Malam Iro ya farfaɗo, hannu ya dawo, baki ya dawo. Da ya shafa cikinsa ya ji abu mai tauri sai hankalinsa ya tashi. Likita ya zauna a bakin gadon ya yi masa magana irin tamu, don ya kwantar masa da rai.

"Baba Iro, ajiya na ba ka. Ka riƙe mini ita da kyau, ni zan zo in karɓa."

"To Likita. Ajiyarka tana hannun amana."

An sa masa rana kafin saukar ruwa. Ruwa ya riga ranar sauka. Malam Iro ya aiko cewa a yi haƙuri ya yi shuka. Aka sake sa rana, ta faɗa kan noman farko. Ta gaba ta faɗa kan maimai. Kowa a garin nan ya ga daidai ne, wa zai kwanta asibiti ciyawa na cin gero? Likita ya zo da kansa har gona, ina tsaye.

"Baba Iro, jiki ba ya barin ƙashi ya zauna masa a ciki haka kawai. Yana cinsa a hankali kamar gara. In ya daɗe, ranar da zan ɗauko ba zai rufe ramin ba. Kuma ko reshe ne ya faɗo maka a nan, ba abin da zai tare."

"Na ji, Likita. Ai ina cusa tsumma. Bari dai a cire gyaɗa."

Suka rabu a kan idan ya dawo daga jarrabawa, lokacin gyaɗa ta shiga buhu.

Farfesa ya zo ta'aziyya har gida. Da zai shiga mota ya ja ni gefe ya ce in kawo Malam Iro, shi da kansa zai yi, ko da wa zai ɗaga a layi. Bayan an watse na je na sami Malam Iro a ƙofar gidansa yana ɓarar gyaɗa. Na lura hannun hagu yana sakin kwanso. Da ya cire hula zai shafa kai, wurin ya lotsa kamar gindin ƙwarya.

Na faɗa masa saƙon Farfesa. Ya mayar da hularsa.

"Haladu, wa ya ba ni ajiyar nan?"

"Ka san wanda ya ba ka. Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. To ajiyar mamaci ai magada ake ba, ba baƙo ba. Kai ne uba. Ka yi shekara talatin a ɗakin nan. In kai za ka karɓa, ga ni, ko yau."

"Iro, ni wanke kaya nake yi."

"Shekara talatin kana kallo?"

"Shekara talatin ina kallon jirgin sama ma, ka taɓa ganin na tuƙa? Ni magaji na wakilta Farfesa ya karɓa. Shi ya koya wa Likita aikin."

"Farfesa yana wurin da aka yanko? Ya ga yadda aka ɗauko ta?"

"Ba ya nan."

"To ka gani."

Na san Iro tun muna kiwon awaki. Ba fiƙihu ne ya dame shi ba. Sau ɗaya ya ba da kansa aka buɗe, ga wanda ya sani tun yana rarrafe, kuma ba ya jin zai iya sake kwanciya ga wani. Wannan na gane shi, da shi kaɗai ne da mun daidaita a hankali. Sai ya ƙara da abin da ya sa na nemi biro.

"Kuma ai ba abin gaggawa ba ne. Yaran nan na wajen Nazifi sun ce aikin minti kaɗan ne, inji ke yi. Ko yaushe na samu sarari sai in leƙa."

Kun ji inda iliminku ya sauka. Kun faɗa kuna shan shayi, kun tashi kun manta, shi kuwa ya ɗauka ya sa a ƙarƙashin hula tare da tsumman.

To ga abin da wayar ba ta gaya muku ba. Mayar da ƙashin nan sai an sake sa shi barci, an buɗe ciki, an buɗe kai. Fatar ta riga ta manne da tantanin ƙwaƙwalwa, sai an ɓamɓare ta a hankali kamar ana raba takarda jiƙaƙƙiya biyu, in ta yage ruwan kai ya biyo. In ƙashin ya zaizaye, sai an nemi na roba ko na ƙarfe, wanda ba a ajiye yake yana jiran mutumin Makoda ba. In cuta ta shiga, a sake buɗewa a cire a jefar. Mutumin da zai yi wannan shi ne wanda aka yi shekaru ana tambayarsa me ya sa har ya daina tsayawa tunani. Irinsu ba su da yawa a ƙasar nan. An tafi ƙara ɗaya, bai isa can ba.

Tunda Malam Iro yana jin maganarku fiye da tawa, ku da kuka gani a waya, sai ku je ku gaya masa kun sake dubawa. Nazifi, kai ne dakta, kai za ka yi gaba. Ba sai kun ce tsoho ya aiko ku ba.

Na koma wurinsa ranar kasuwar Kunci da ta wuce, na tarar ya hau bayan babur da buhun gyaɗa a cinya, hula cushe. Na sa ya sauko ya ɗaga riga na taɓa wurin. Gefen ƙashin da a da nake jin kaifinsa ya fara zama sulɓi. Na ce yaya kan. Ya ce da sauƙi, sai dai in ya miƙe tsaye yakan ji jiri. Na ce Farfesa yana jira. Ya ce in gaishe shi, bari a yanke dawa.

Ba a yanke dawa ba tukuna. Ƙashin yana cikinsa.